GARGAƊI: Mai sayar da akawun ɗin gem a gurufan Zariya ya cinye min ₦285,000

Jama'a, duk wanda yake cikin gurufan 'yan gem na Zariya a WhatsApp, musamman na Samaru da Sabon Gari, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Akwai ɓarawo a cikinmu. Yana sayar da akawun ɗin PlayStation, yana kuma cewa yana kawo na'urar PlayStation 5, wato PS5, ta hannu daga Legas. Ya cinye min ₦285,000. Ku sake duba adadin, ₦285,000, a wannan marrar da buhun masara yake gagarar magidanci. Ban sa sunansa ba don na tabbata sunan da ya ba ni ma na aro ne, sunan da ke kan akawun ɗin bankin kuma na wata mata ce da Allah kaɗai ya san ko da hannunta a ciki. Amma sikirinshot na nan, hirarmu tun daga sallamar farko, da risit na kowace tiransifa, da muryoyin da ya turo min. Duk zan ɗora su.

Tun kafin wani ya buɗe baki ya ce min araha ba ta ado, ya tsaya. Ba araha ce ta ja ni ba. Farashinsa bai yi ƙasa da na kasuwa sosai ba, da ya yi ƙasa da tuni na gudu. Ni mai shagon fotokwafi da buga takardu ne a Samaru, kullum cikin alat na bogi nake, na sha kama yara da risit ɗin da aka haɗa a waya. Ni nake yi wa ɗalibai faɗa a kan masu cewa a turo kuɗin fom. Don haka kada wanda ya ɗauke ni sakarai.

Mutumin nan ya san gem. Nan ne matsalar take. Kun san yadda muke a garin nan, ka shiga gidan gem goma, tara ƙwallo ake bugawa, na goman kuma Mortal Kombat. Mu masu son dogayen gem na labari, na sararin samaniya da duniyar gobe, waɗanda za ka gina ɗan wasanka da kanka, ka zaɓi abin da zai faɗa, zaɓin kuma ya biyo ka har ƙarshen labari, ba mu da yawa. Sai ka shekara ba ka samu wanda za ka yi hirar Mass Effect da shi ba tare da ya tambaye ka ko ana buga shi mutum biyu ba. To wata rana ana musu a guruf a kan Starfield, ni ina cewa duniyoyi sama da 1,000 da kamfanin da ya yi shi, Bethesda, ya yi ta talla kafin fitowarsa a Satumbar 2023 ba su ne abin dubawa ba, a ba ni gari guda mai rai da mutanen da zan damu da su ya fi min. Yara suka taso min, wai ban taɓa buga shi ba, tunda lokacin da ya fito a Xbox da kwamfuta kawai yake, ni kuma PS4 gare ni. Sai wannan mutumin ya shigo ya goya min baya. Ya ce yawancin duniyoyin fili ne fetal, kuma tsakanin jirginka da doron ƙasa sai ka yi ta zaman jiran lodi. Ya kawo No Man's Sky na 2016, yadda aka cika wa mutane baki da alkawari sannan aka shafe shekaru ana gyara. Daga nan ya biyo ni ta bayan fage, muka raba dare muna hira.

A Mass Effect na farko, ya san wa ya bari ya mutu a duniyar Virmire cikin abokan tafiyarsa biyu, Ashley ko Kaidan, kuma yana da hujjarsa. Ya san haushin da mutane suka ji da ƙarshen Mass Effect 3 a 2012, da aka tara zaɓin gem uku aka dunƙule shi a launi uku, har sai da kamfanin da ya yi shi, BioWare, ya fito da ƙarin bayanin ƙarshen kyauta. Ya ce shi cikin abokan tafiya na gem ɗin Garrus ne mutuminsa, ba ya fita aiki ba tare da shi ba. Ku faɗa min tsakani da Allah, wane ɗan damfara ne yake zama ya haddace wannan? Ɗan damfara da muka sani shi ne mai kira ya ce daga banki yake, a ba shi lambar da aka turo.

Cinikin farko ₦12,000 ne, akawun mai The Outer Worlds. Ya turo imel da kalmar sirri, ya bi da ni daki-daki yadda zan mai da PS4 ɗina babbar na'urar akawun ɗin, abin da suke cewa firamare, in sauke gem ɗin sannan in koma sunana in buga. Ya yi aiki lafiya lau. Watanni ina bugawa, na ƙare shi. ₦12,000, kaya ya zo, babu ko tangarɗa. Wa zai yi zargi bayan wannan?

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, wanda har yanzu in na kwanta sai ya dawo min, shi ne ranar da muka haɗu a PZ. E, mun haɗu ido da ido, ba fatalwar intanet ba ce. Teburin mai shayi ne bayan magariba. Yana sanye da yadi ruwan toka, gilashin wayarsa ya tsage ta gefe, yana ta share shi da babban yatsa yana nuna min hotunan da ya ɗauka na Night City, birnin da ke cikin gem ɗin Cyberpunk 2077. Na ciro kuɗi a hannu, tsabarsu, na ce ya haɗa min Cyberpunk 2077 da ƙarin labarinsa, Phantom Liberty, a PS4 ɗina. Sai ya sa hannu ya turo min kuɗin ta kan teburin, ya ce, “Haba babban yaya, wallahi in na karɓi kuɗin nan na ci haram. Phantom Liberty bai fito a PS4 ba, sai PS5 da sabon Xbox da kwamfuta. Shi kansa Cyberpunk ɗin a PS4 wahala za ka sha.” Kuma gaskiya ya faɗa. Na sani ko ban sani ba, gaskiya ce. Kowa ya tuna yadda gem ɗin ya fito a Disambar 2020 yana sarƙewa a tsofaffin na'urori, har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. Babban gyaran 2023 ma da ya sa mutane suka koma yabonsa bai zo PS4 ba.

Ya turo min kuɗina. Kuɗi a gabansa, ba shaida, ba risit, ya turo min su. Shi ya ma biya kuɗin shayin da indomi, na ce a'a, ya ce ai ni baƙonsa ne. Ina ta juya abin nan a kaina, hannunsa a kan kuɗin, yana turowa, yana cewa na ci haram. Ashe tsaba yake watsa min kamar kaza. Mutumin da ya ƙi karɓar ₦25,000 ɗinka don tsoron Allah, ranar da ya ce ka turo ₦230,000 me za ka ce masa?

Au, kafin PS5 ɗin akwai ₦35,000. Ko bayan haɗuwar PZ ne? Bayanta ne, don a nan ya ce tunda Cyberpunk ba zai yiwu ba, in ɗauki Mass Effect Legendary Edition, gem ukun a haɗe wanda ya fito a 2021, da Fallout 4 a akawun guda. ₦35,000. Na tura, ya turo bayanan, na sauke. Kada ma a yi maganar data, gomman giga ne, sai tsakar dare nake kunnawa, a ɗauke wuta in tashi in tada janareto don kada saukewar ta tsaya. Wannan asarar ban ma sa ta a lissafi ba.

Maganar sunan akawun ɗin banki, don na san za ku tambaya: na tambaya. Tun a ₦12,000 ɗin farko na ga sunan mace, na ce malam wannan fa? Ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Rabin 'yan kasuwar Sabon Gari haka suke yi, wani na ƙaninsa zai ba ka, wani na mai POS ɗin kusa da shi. Kuma a wannan akawun ɗin na tura ₦12,000 kaya ya zo, na tura ₦35,000 kaya ya zo. A ina ne ya kamata in ga alama?

Sai maganar PS5. Ba shi ya fara kawo ta ba, wannan ma ku lura, sai da ya bari ni na tambaya. Ya ce akwai guda biyu da za su taso daga Legas, na hannu amma masu tsabta, ɗaya an riga an kama. Zai sa min Cyberpunk da Phantom Liberty a ciki, da hannun bugawa guda biyu, in ba da kafin alƙalami ₦230,000, cikon sai kaya ya iso na gwada a shagona. Ya turo bidiyon na'urar a kunne, da takarda a gefe an rubuta sunana da biro. Sunana! Kuɗin adashina ne da na kwasa, wanda na yi niyyar sayen sabuwar firinta da shi kafin lokacin buga furojet ɗin ɗalibai. Na tura ₦230,000 da rana tsaka ina tsaye a bakin shago, ya turo murya yana cewa Allah ya sa albarka, ya bar zumunci.

Ya ce Laraba. Laraba ta zo ya ce mota ta lalace a Lokoja. Sai ya kira da kansa, murya a sanyaye, wai direban ya ce sai an ƙara ₦8,000 na webil, wato kuɗin ɗauko kaya, kafin ya sauke kaya a Zariya, shi kuma yana asibiti da mahaifiyarsa. Na tura ₦8,000 har ina yi masa ya mai jiki. Ya ba ni lambar direba ya ce in jira a Kwangila. Na je na tsaya ƙarƙashin gada tun la'asar, ina leƙa kowace doguwar mota da ta tsaya, 'yan kamasho suna tambayata Kano ko Funtuwa. Lambar direba a kashe. Tasa tana shiga ba a ɗauka, can ta daina shiga. Aka kira isha ina wurin.

Ku lissafa: 12,000 da 35,000 da 230,000 da 8,000. ₦285,000. Wani zai ce a cire ₦12,000 tunda na buga wancan gem ɗin. Ba zan cire ba, don shi ma ya ƙwace shi.

Da na dawo gida na kunna PS4 don in huce, sai ga ɗan kwaɗo a kan kowane gem da na saya a wurinsa. Mass Effect a kulle, Fallout a kulle, The Outer Worlds a kulle. Ina Mass Effect 2, na gama tara mutanena, na yi wa kowa aikinsa na amana don kada in rasa ko ɗaya a harin ƙarshe, saura in shiga kawai. Ajiyar wasana tana nan a na'ura, gem ɗin ne babu. Na gwada kalmar sirri, an canza. Na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace, ya yi bulokin ɗina, ya fice daga guruf.

Ga yadda abin yake ga wanda bai gane ba. Akawun ɗin da ya sayar maka ba naka ba ne, imel ɗin yana hannunsa. Duk ranar da ya ga dama zai shiga shafin akawun ɗin ya cire dukkan na'urorin da ke kai a lokaci guda, ya canza kalmar sirri, ya sake sayar wa wani. PS4 guda ɗaya tak akawun yake ɗauka a matsayin babbar na'ura, don haka in ya sayar wa mutum uku, biyu a iska suke. Kuma ba ka da bakin kai ƙara wurin kamfani, tunda ƙa'idarsu ta hana sayar da akawun tun asali. Ya san wannan sarai.

Da na yi magana a guruf sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro a Tudun Wada, wani a Hanwa, wani ɗalibi a Kongo da ya tura kuɗin makarantarsa. Kowa da irin hirar da aka yi masa. Mai son Fallout an yi masa hirar Fallout. Wani kuma, ku ji fa, shi ma an mayar masa da kuɗi a karon farko, an ce masa haram ne. Kalma ɗaya ba a canza ba. Shi ma an turo masa bidiyo da sunansa a takarda, na'ura ɗaya ce, labulen bayan ma iri ɗaya. Da na ga bidiyonsa sai da na ajiye wayar na fita waje.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, ƙanina da na hana shi sayen waya a Facebook bara, shi ne yau yake ce min, “Yaya, ai da ka tambaye ni.” Hajiya kuma har yanzu ba ta sani ba, tana tambayata yaushe firintar za ta iso. Na je banki na cike takarda, an ce a kawo rahoton 'yan sanda, na kai. Ban yafe ba. Ko sisi ban yafe ba, ₦285,000, har kuɗin shayin da ya biya ina so in mayar masa a gaban hukuma.

Kada ku sayi akawun a hannun kowa. Ku sayi faifai ku riƙe a hannu, ko ku sa kuɗi a akawun ɗinku na kanku. Na'ura kuma sai an kunna ta a gabanku kafin ku ba da ko naira ɗaya.

Sikirinshot ɗin zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambobin mutanen da ba ruwansu, har da muryar da yake cewa Allah ya bar zumunci, don wataƙila wani ya gane muryar. Na ji an ce ya koma wani guruf da sabuwar lamba yana tallan Xbox. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi, ko ₦5,000 ne, ya yi min magana ta akwatin sirri. Ranar Litinin za mu koma wurin 'yan sanda tare, kowa ya turo min risit ɗinsa da hirarsu in buga masa a shago, ba sai ya biya ba.