Kafin ka sayi waƙar Japan mai farawa da “sa”: wace Sakura kake nufi?

Japanawa suna jera sunaye ne bisa tsarin gaɓoɓin harshensu, wanda yake farawa da layin “a”, sai “ka”, sai “sa”, sai “ta”, har ya kai “wa”, kuma da wannan tsari ake neman waƙa a kundin gidajen karaoke, inda mutum yake rera waƙa da kansa a kan kiɗan da aka naɗa. Duk wanda ya buɗe sashen “sa” zai tarar kalma guda ta mamaye shi, wato sakura, furen nan mai ruwan hoda da yake buɗewa a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, daidai lokacin da ɗalibai suke kammala karatu, sabuwar shekarar makaranta da ta aiki kuma take shigowa. Saboda haka waƙoƙi masu wannan suna sun yi yawa ƙwarai, har mai saye yana iya biyan kuɗin wata alhali wata ce ta shiga kunnensa.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce “Sakura Sakura”, waƙar gargajiya da ba a san wanda ya tsara ta ba, wadda aka fi kaɗawa da koto, wani dogon abin kiɗa na katako mai tsirkiya 13. Da yake ba ta da mai ita, ɗaruruwan makaɗa sun naɗe ta, kuma ingancin ya bambanta nesa ba kusa ba. Faifan da aka rubuta wa “kiɗan Japan don hutawa” ba tare da sunan makaɗi ba, yana iya zama aikin na’ura ne, ban kuwa ga dalilin ba da kuɗi a kansa ba. Wanda yake son jin abin da gwani zai iya yi da wannan ɗan gajeren kari, sai ya nemi faifan da ya ƙunshi faɗaɗawar da makahon makaɗin koto Michio Miyagi ya yi mata a 1923.

A cikin na zamani, “Sakura” ta Naotaro Moriyama, wadda ta fito a Maris na 2003, ita ce wadda nake fara nuna wa duk wanda ya nemi shawara. Murya ce da fiyano kawai, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, abin da ya sa ta dace da mai koyon Japananci, kuma ta zama waƙar bankwana da ake rerawa a bukukuwan yaye ɗalibai. Sai dai a lura da kalmar da take biye da sunan: dokushō na nufin rerawar mutum ɗaya, gasshō kuwa rerawar taron mawaƙa. Mawaƙin ya kuma sake naɗar ta a 2019 da wani tsarin kiɗa dabam, don haka mai neman ta asali ya tabbata shekarar da ke jikin faifan 2003 ce.

Ta ƙungiyar Ketsumeishi, ta 2005, suna ɗaya ne da rubutu iri ɗaya da ta Moriyama, amma hali ya sha bamban, domin akwai zubin rap mai sauri a tsakanin amshi, kuma ta fi dacewa da tafiya a mota fiye da zaman koyon harshe. A shekarar ce kuma mawaƙa biyun nan da ake kira Kobukuro suka fitar da tasu, doguwa mai tafiyar hawainiya, wadda ƙarfinta yake wajen haɗuwar muryoyin. A 2006 ƙungiyar Ikimono-gakari ta shigo babbar kasuwa da tata, da muryar Kiyoe Yoshioka, ita ce kuma zan zaɓar wa wanda ya saba da waƙoƙin fina-finan zane na Japan. Rubutun sunan yana taimakawa wajen rarrabewa: Moriyama da Ketsumeishi sun rubuta shi da baƙaƙen gaɓa na Japananci (hiragana) guda uku, Kobukuro da harafi mai asali daga rubutun Sin (kanji) guda ɗaya, Ikimono-gakari kuwa da manyan baƙaƙen boko.

“Sakurazaka” ta Masaharu Fukuyama, ta 2000, ta samo sunanta daga wata gangara a unguwar Ota ta birnin Tokyo, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan biyu, wanda ya sa faifanta na hannu yake da sauƙin samu da araha. Wanda furen ya gundure shi, akwai “Sayonara” ta ƙungiyar Off Course ta 1979, ga yara kuma akwai “Sanpo” ta fim ɗin Totoro na 1988, wadda Joe Hisaishi ya yi wa kiɗa. Kada dai a ɓata lokaci ana neman “Sukiyaki” ta Kyu Sakamoto a wannan layi, ko da yake ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1963. Sunan da Turawa suka laƙaba mata ne, a gida sunanta “Ue o Muite Arukō”, a ƙarƙashin “u” take.

Bayan zaɓen waƙa sai zaɓen hanyar mallakarta. Japan tana cikin ƙasashen da faifan CD bai mutu ba, doka kuma ta bai wa kamfanonin waƙa damar ƙayyade farashin sabon faifai na wani lokaci, shi ya sa yawon neman rangwame daga wannan kanti zuwa wancan ba ya haifar da komai. Faifai mai waƙa ɗaya ko biyu yakan kama yen (kuɗin Japan) dubu ɗaya da ’yan kai, cikakken kundi kuwa wajen yen dubu uku. Ƙaramin yakan zo da kiɗan zalla babu murya, abin da mai son ya rera da kansa yake buƙata, amma ga wanda za a aiko wa daga nesa, kuɗin dako yana iya zarce kuɗin faifan, don haka kundin tarin fitattun waƙoƙin mawaƙi ya fi riba. A kantunan kayan hannu irin su Book Off da Disk Union farashi yana faɗuwa sosai, sai dai a tambaya ko obi na nan, wato siririyar takardar da ake naɗe gefen faifai da ita, domin masu tara faifai suna rage daraja idan ta ɓace.

Saye ta intanet yana da nasa shinge, domin kantunan saukar da waƙa na cikin gida kamar mora da Recochoku an tanade su ne don mazauna Japan, alhali CDJapan tana aika faifai zuwa ƙasashen waje. Manhajojin sauraro kamar Spotify da Apple Music su ne mafi arha wajen gwaji, amma a can ne kwaikwayo ya fi yawa, inda wani zai rera waƙar wani, ko a juya ta zuwa kiɗan ƙaramin akwatin nan mai ƙararrawa da Japanawa suke kira orugōru. A rubuta sunan mawaƙi tare da sunan waƙa wajen nema, a saurari kowace sau biyu ko uku, sannan a aika kuɗin faifan wadda ta zauna a rai.