Wace jaka za ka ɗauka daga Zariya zuwa Gana?

Ɗan yayata da ke karatu a Samaru ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wai shi da abokansa biyu sun yi adashi, idan an yi hutu za su zaga Gana ta mota, su bi ta Legas, Kwatano da Lome. Ya nuna mini hoton wani akwati mai taya a wayarsa, ja jawur sai sheƙi yake, ya ce, "Kawu, wannan ya yi?" Na ce masa ya yi mana, in biki za ka a Kano.

Irinsa na taɓa ja a wannan hanya, kuma a iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Benin, ya ci amanata. An kwana ana ruwa, muka sauka daga mota don a buga mana fasfo, tayar ta cika da yashi da taɓo ta daina juyawa. Na ci gaba da ja da ƙarfin tsiya har ta ɓalle. Daga nan har Kumasi a ka na riƙa ɗaukarsa kamar ɗan dako.

Abin da mai sayen jaka ke mantawa shi ne, ba zaman mota ke gwada jaka ba, ɗan tattakin da ke tsakanin wannan mota da waccan ne. Legas zuwa Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, kusan kilomita 460 ne kawai, amma sai ka tsallake iyaka uku: Seme, sannan ta tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. In ka shiga babbar bas mai zuwa kai tsaye, kayanka na but, akwati ba zai dame ka ba. In kuwa guntu-guntu za ka yi tafiyar, kamar yadda mai ƙaramin guzuri ke yi, to a kowace iyaka sai ka sauka ka taka, a Kwatano ka hau ɗan acaɓa mai rawayar riga, a Gana ka cusa kanka cikin ƙaramar bas da suke kira torotoro. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro jakai ke ɗaukar musu kaya. Kai bayanka ne jakinka.

Akwati dai mun gama da shi. Yana hana kaya yamutsewa, yana kulluwa, amma shimfiɗaɗɗen siminti yake so.

Sai Gana-mas-go. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, tana cin kaya kamar rumbu. Sunan ya samo asali ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, yawancinsu 'yan Gana, suka zuba kayansu a irinta. Zik ɗinta da hannunta ba su da amana, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk da haka ina saka ɗaya a naɗe a ƙasan kayana, don ranar dawowa, bayan na shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi na yi tsaraba.

Jakar goyo ita ce ta wannan tafiya, amma a nan ne ake tafka kuskure, don ba kowace mai igiya biyu ce jakar tafiya ba. A kasuwar Sabon Gari za ka ga kashi uku. Akwai sabuwa mai araha, wadda aka liƙa wa sunan wani babban kamfani. Yadinta siriri, ɗinkinta layi ɗaya, ta fi dacewa da littattafan ɗan makaranta. Akwai sabuwa ta asali, irin su Deuter, Osprey ko Quechua, wadda samunta a nan sai an sha wuya, kuɗinta kuma zai iya cinye rabin guzurin ɗalibi. Sai ta gwanjo, wadda a cikinta ake tsintar waɗancan na asalin da kuɗi kaɗan. Ni ta gwanjo nake zaɓa, da sharaɗin za ka zauna ka duba ta kamar mai sayen ragon layya.

Fara da maɗaurin ƙugu. Jakar kirki tana da faffaɗan maɗauri mai soso wanda ke zama a kan ƙashin ƙugu, da ƙarfen alminiyam ko faranti mai tauri a ɓoye a bayanta. Waɗannan biyun ke sauke yawancin nauyin daga kafaɗa zuwa ƙugu da ƙafafu. In maɗaurin siririyar igiya ce kawai, kafaɗarka za ta ɗauki komai, kuma kafin la'asar za ka ji hannunka ya fara sagewa. Kada ka gwada ta fayau. Sayi ledar fiyawata ɗaya, ƙulli 20 ne rabin lita kowanne, kilo 10 ke nan cif. Zuba a ciki, ka goya, ka ɗaure, ka zaga layin kasuwar sau biyu. Mai kaya zai yi maka dariya. Bar shi ya yi.

Daga nan ka juya cikinta waje. Ana shafa wa cikin yadin wani siririn roba mai hana ruwa shiga, kuma idan jaka ta tsufa robar kan fara danƙo, ta riƙa ɓarewa kamar fatar albasa, tana wani wari mai tsami. Wannan ba ta gyaruwa, ajiye ta. Zik kuwa ka ja shi sau goma, musamman a kwana. Mai tambarin YKK ya fi ƙarko, ko da yake masu jabu ma sun iya buga haruffan. Nemi mai kai biyu da ke haɗuwa, don ka sa ɗan kwaɗo. In ka sami wadda ke buɗewa ta gaba kamar akwati, ta fi mai baki a sama kaɗai, domin idan jami'in kwastan ya ce a buɗe, ba sai ka zazzage gajerun wandunanka a bainar jama'a ba.

Da lita ake auna girman jaka. Samari na son mai lita 65 ko 70 don ta fi kwarjini a hoto, alhali duk sararin da ka saya sai ka cika shi. Ga tafiyar mako biyu ko uku a ƙasa mai zafi, inda ba bargo ba rigar sanyi, lita 40 zuwa 45 ta isa: kaya kala uku, gidan sauro, silifas, sallaya mara nauyi, magani. Tana zama a kan cinyarka a mota, ba sai an ɗaure ta a sama ruwa ya dake ta ba, ba kuma sai ɗan kamasho ya ce kuɗin kaya daban. Masu yawon daji kan ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13.

Mu mutanen Zazzau mun saba da damina ɗaya, a yi ruwa rana ta fito, shanya ta bushe kafin magariba. Kudancin Gana damina biyu gare su, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma iskar kanta jiƙe take. Na taɓa wanke riga a Cape Coast, ranar da zan je gadojin igiya bakwai na dajin Kakum, kwana biyu tana rataye ba ta bushe ba. A irin wannan laima jakar fata ta dukawanmu, duk kyanta, fumfuna take yi, ga nauyi. Ita ma ta nailan da aka ce ba ta shan ruwa, ta ɗinki yake shiga. Duba ko tana da rigar ruwanta a ɗan aljihun ƙasa. In babu, babbar leda mai kauri a ciki, ka zuba kayanka ka murɗe bakin, ta fi komai aiki.

Kada ka sayi mai zanen kakin soja, ko da kyauta aka ba ka. Farar hula da irin wannan kaya yakan sha tambayoyi a shingen bincike, a Najeriya da Gana duka. Fasfo kuma, da katin allurar shawara da ake tambaya a iyaka, da kuɗin sefa da sidin Gana, ba sa shiga babbar jaka. A 'yar ƙaramar jakar ƙirji suke zama, a cikin leda. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza har kwana 90 a waɗannan ƙasashe saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma jiƙaƙƙen fasfo bai san da wannan yarjejeniya ba.

Washegari muka shiga Sabon Gari tare da yaron. A dila ta uku muka ciro wata toka-toka mai lita 42, cikinta lafiya lau, sai dai ɗinkin igiyar kafaɗa ta hagu ya fara sakewa. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ko Makka sai ta kai ka a ƙafa." Na nuna masa ɗinkin, ya rage kuɗi. Muka kai ta wurin mai gyaran takalma a bakin titi, ya bi igiyoyin biyu da zaren nailan, layi bibbiyu. Yaron dai har muka hau keke-napep yana waiwayen shagon da jan akwatin yake.