Filin MCG a daren da aka tashi da ratar maki ɗaya: ko kuɗin tikitin ya biya?

Ranar Juma'a, 22 ga Satumba 2023, na shiga filin wasa na Melbourne Cricket Ground, wanda mutanen Melbon ke kira MCG, domin kallon wasan kusa da na ƙarshe na gasar AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, tsakanin ƙungiyar Collingwood da ta Greater Western Sydney Giants. Mu 97,665 ne muka hallara a wannan dare, a filin da iyakar abin da yake ɗauka a yau shi ne mutum 100,024. Wasan ya yi daɗi, kuma zan zo kansa, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hidimar da mai tikiti yake samu tun daga ƙofa har zuwa lokacin da zai kama hanyar gida, saboda duk wanda zama ko karatu ya kai shi wannan birni, ba zai rasa wanda zai ja shi zuwa kallon ƙwallon Ostireliya a watan Satumba ba.

Tikitin ya zo hannuna ne ta wajen maƙwabcina, wani dattijo da ya shekara aru-aru yana biyan kuɗin zama mamba a Collingwood, wanda rashin lafiyar matarsa ya bar shi da kujera guda babu mai zama. Tsarin shi ne a fara buɗe wa mambobin ƙungiyoyin biyu sayarwa, abin da ya rage sannan a sakar wa sauran jama'a, kuma kuɗin ya fi na wasannin mako-mako nesa ba kusa ba. Dattijon ya ce ya yi kusan sa'a guda yana kallon layin jira a shafin kamfanin da ke sayar da tikitin, shafin ya kore shi sau biyu kafin ya dace. Duk da haka wannan wasa shi ne wanda talaka zai iya sa rai da shi. A wasan ƙarshe, kowace ƙungiya kujeru kusan 17,000 kawai ake ba mambobinta, sauran kuma su tafi ga mambobin Melbourne Cricket Club mai kula da filin, da mambobin AFL, da kamfanoni da manyan baƙi. Shi ya sa masu kallo na asali suke cewa wasan kusa da na ƙarshe ne nasu, kuma bayan abin da kunnena ya ji a wannan dare, ba ni da ja.

Zuwa filin ba ya buƙatar mota, kuma shawarata a bar ta a gida. Tashoshin jirgin ƙasa biyu ne suka sa filin a tsakiya, Richmond da Jolimont, ga tiram, jirgin da ke bin titin cikin gari, mai lamba 48 da 75 da 70 duk suna ajiye mutum kusa. Mu da ƙafa muka taho daga tsakiyar gari, ta gefen kogin Yarra, muka haye gadar William Barak cikin ayarin mutane masu rataye da mayafin wuya mai ratsin baƙi da fari, launin Collingwood. Tun daga nesa ake hango dogayen turakun fitilu guda shida da aka fara wasa a ƙarƙashinsu a 1985. A ƙofa an duba jakata, an zagaya ni da sandar bincike, na ɗora wayata a kan na'ura ta karanta tikitin, shi ke nan. Ban ƙirga mintunan ba, amma ban kai ga gajiya da tsayuwa ba, kuma babu wanda ya taka ni ko ya ture ni. Wanda ya taɓa cusa kai a ƙofar filin ƙwallo ranar babban wasa, ya fito da rigarsa a yage, shi zai san darajar wannan.

Akwai abu biyu da suka shafe ni a matsayina na Musulmi, kuma a duka biyun na fito da gamsuwa. Na farko salla. A ƙarshen Satumba rana tana faɗuwa a Melbon jim kaɗan bayan ƙarfe shida, wasan kuma ƙarfe 7:50 ake take shi, wato magariba tana riskar mutum yana hanya ko yana cikin filin. Na tambayi wata ma'aikaciya mai rigar aiki inda ɗakin ibada yake, ba ta yi mini kallon mamaki ba, ta kwatanta mini hanya kamar wanda ya tambayi ƙofar fita. Tun a 2012 hukumar AFL ta nemi a tanadi irin wannan ɗaki a filayen da ake buga gasar, kuma sunan da ake ambata a wannan batu shi ne Bachar Houli, ɗan wasan Richmond mai asali da Labanan, wanda daga baya ya ci kofi sau uku, a 2017 da 2019 da 2020. Na biyu abinci. Abin da aka fi ci a filin shi ne ƙullin fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki, ana zuba masa jan miyar tumatir a kai, sai soyayyen dankali mai zafi. Ni ban taɓa naman ba, dankalin na saya, kuma ya zo da zafinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne an yarda mutum ya shigo da abincinsa daga gida, muddin babu kwalba ko giya, don haka shinkafar da na ƙunso ta yi mini rana. A lura cewa ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai kati ko waya.

Kujerarmu tana hawa na huɗu a rumfar da aka sa wa sunan Shane Warne a 2022, can sama inda matakala ke da tsayi har sai da dattijon ya tsaya sau biyu yana mayar da numfashi. Da farko na ɗauka an kai mu wurin da ba a so ne. Ba a yi minti goma da fara wasa ba na gane kuskurena. Filin mai siffar ƙwai ne, tsawonsa ya kai mita 160, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a ciki, kuma babu dokar satar gida da za ta tsare kowa a wuri ɗaya. Talabijin yana bin ƙwallo ne kawai, yana nuna mutum shida ko bakwai suna kokawa a kanta. Daga sama kuwa ana ganin duka 36, ana ganin wanda ya sulale ya bar mai gadinsa tun kafin a harbo masa, ana ganin yadda masu tsaron baya ke ja da baya tare kamar garken da makiyayi ya juya. Wannan wasa ne da aka yi shi domin a kalle shi daga tudu, kuma da zan sake sayen tikiti da kuɗina, hawa na huɗu zan nema ko da akwai na ƙasa. Abin da ake biya a madadin haka shi ne sanyi. Satumba farkon bazara ce a can, amma iskar dare a saman rumfar ba ta san da haka ba, kuma ni na je da riga marar kauri, laifin da ba na kowa ba ne sai nawa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga abin da zai ishe shi. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu babu sandar sama. Idan aka harba ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya ba tare da wani ya taɓa ta ba, gol ke nan, maki shida, alƙalin raga ya kaɗa tuta biyu. Idan ta bi ta gefe, ko ta bugi turken, ko wani ya taɓa ta, maki ɗaya ne, tuta ɗaya. Ana gudu da ƙwallo a hannu amma dole a buga ta a ƙasa duk mita 15, ba a jefa ta, sai dai a naushe ta da dunƙulen hannu. Wanda ya cafe ƙwallon da aka harbo daga nisan mita 15 ko fiye, an ba shi damar ya tsaya ya harba babu mai taɓa shi, kuma a neman wannan cafkar ne za ka ga ƙato ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya tashi sama. Babu wanda zai bayyana maka waɗannan a filin, domin an ɗauka duk wanda ya zo an haife shi a ciki ne. Ni dattijon ne malamina. Lokacin da na ji dubban mutane sun kwarma ihu da kalma ɗaya a tare, na dube shi, ya ce mini suna neman alƙali ya hukunta wanda aka kama da ƙwallo a hannu bai rabu da ita ba. Na ce masa, Baba, to ai yanzu naku ne aka kama. Ya ce wannan daban ne, yaron bai samu dama ba.

Wasan kansa na masu haƙuri ne. Collingwood ta gama kakar a saman teburi a ƙarƙashin koci Craig McRae, amma magoya bayanta sun zo da tsohon miki. Giants ɗin nan ce ta fitar da su a irin wannan mataki a wannan fili a 2019 da maki huɗu, sannan a 2022 Sydney Swans ta fitar da su da maki ɗaya tak. Giants kuwa, ƙungiyar da ta shigo gasar a 2012, ta taso daga can ƙasan teburi a tsakiyar kaka a shekarar farko ta kocinta Adam Kingsley, kuma 'yan tsirarun magoya bayanta masu kaya ruwan lemo sun zama kamar ɗigon manja a cikin tukunyar baƙi da fari. Giants ba ta ci gol ko ɗaya ba a zangon farko cikin zanguna huɗu na wasan, amma da aka tafi hutun rabin lokaci ita ce a gaba, kuma shirun da ya sauka a rumfarmu ya fi duk ihun da ya gabace shi nauyi. Jordan De Goey ne ya ɗauki Collingwood a kafaɗa daga tsakiya. Idona kuma ya yi ta komawa kan masu tsaron baya biyu, Isaac Quaynor na Collingwood da Connor Idun na Giants, waɗanda dukkansu iyayensu maza 'yan Ghana ne. A zangon ƙarshe Mason Cox, Ba'amurken nan ɗan Texas mai tsawon santimita 211, ya ci wa Collingwood, sannan Jesse Hogan ya rama wa Giants, rata ta dawo maki ɗaya.

A nan ne na ga abin da babu talabijin da zai sayar maka. Kowane zango minti 20 ne na wasa, amma ana tsayar da lissafi duk lokacin da ƙwallo ta mutu, kuma agogon da ke allon filin gaba yake ƙirgawa, ba ya nuna abin da ya rage. Mai kallo a gida ya san saura daƙiƙa nawa. Mu da ke ciki ba mu sani ba. Mutum dubu casa'in da bakwai suna tsaye, kowa na jiran jiniyar tashi da ba a san lokacinta ba, ƙwallo tana fita ana dawo da ita, alƙalin gefe yana juya wa fili baya yana wurgo ta ta saman kansa, tsuntsayen teku kuma suna sauka abinsu a ɓangaren da babu kowa kamar ba abin da ke faruwa. Dattijon ya riƙe mini hannun riga bai sani ba. Da jiniyar ta kaɗa ban ma ji ta ba, ihun ne ya gaya mini. Collingwood 58, Giants 57. Kowace ta ci gol takwas, bambancin shi ne Collingwood ta samu maki ɗai-ɗai goma, Giants tara.

Wani abin da ya kamata a yaba shi ne ba a raba magoya baya da shinge ko 'yan sanda. Layi biyu a gabanmu akwai wani mutum da 'yarsa sanye da ruwan lemo a tsakiyar 'yan Collingwood, an yi ta yi musu ba'a, su ma suna mayarwa, kuma da aka tashi wani ya dafa kafaɗar uban ya ce sun yi ƙoƙari. Wannan ba yana nufin bakin kowa a wanke yake ba. Ana shan giya sosai, ashar kuma yana tashi musamman a kan alƙalai, kuma wani saurayi da ya sha ya yi tatul ya zubar mini da rabin kofinsa a takalmi, ya ba da haƙuri sau uku, wanda bai busar da safata ba. Akwai sassan kujeru da aka keɓe inda ba a shan giya, kuma mai zuwa da iyali ya kamata ya nemi waɗannan tun wajen sayen tikiti.

Shin kuɗin ya biya? A wurina ya biya, har da riba, da sharaɗin mutum ya je da wanda ya san wasan, ya ɗauki rigar sanyi, ya kuma yarda ya hau sama. Filin nan yana wurinsa tun 1853, ya karɓi gasar Olamfik ta 1956, kuma a 1970, lokacin da wuraren kallo a tsaye suke da yawa, mutum 121,696 suka shiga kallon Carlton da Collingwood. Gogewar waɗannan shekaru ta fi fitowa a lokacin tashi. Mun bar kujerunmu bayan an gama rera taken ƙungiya sau ba adadi, muka sauko cikin cunkoson da ke tafiya a hankali amma ba ya tsayawa, muka ratsa dandalin Yarra Park zuwa tashar Richmond, inda jirage ke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kwashe mutane.

Kwana takwas bayan haka, ranar 30 ga Satumba, Collingwood ta doke Brisbane Lions da ci 90 da 86 ta ɗauki kofinta na 16. Dattijon bai samu tikiti ba. A falonsa muka kalla, matarsa ta samu sauƙi tana zaune da bargo a ƙafa, agogo yana ƙirga abin da ya rage a kusurwar talabijin, shi kuma ya sa tafin hannu ya rufe wurin don kada ya gani.