Ofishin da ya yi mana takardun gidan tafi-da-gidanka a Houston: sun ci kuɗinsu, amma da saura

Dala 250 na biya wani ƙaramin ofishi da ke arewacin Houston domin su mayar da gidan da muka saya zuwa sunana, kuma duk ɗan uwan da ya tambaye ni zan ce ya je irin wannan wuri kafin ya miƙa wa mai sayarwa ko sisi. Sai dai akwai wuraren da suka gaza, zan kuma faɗe su.

Gidan irin wanda ake ƙerawa a masana'anta ne, a jawo shi da babbar mota a girke. Namu mai ɓangare biyu ne, ɗaki uku, na hannu, yana zaune a unguwar da ake biyan hayar fili duk wata. Ni da maiɗakina mun zaɓe shi ne don gudun bashin banki mai ruwa. Mun tara abin da muka tara, muka ce gara gidan da za mu biya lakadan mu kwana da kwanciyar rai.

A Texas, irin wannan gida ba a ofishin filaye ake canja masa suna ba matuƙar ba a haɗe shi da fili a takarda ba, ba kuma a wurin rajistar motoci ba kamar yadda ake yi a Florida. Wata hukumar gidaje ta jiha da ke Austin, TDHCA, ita ke bayar da takardar shaidar mallaka, kuma kuɗinta dala 55 ne. Idan kana gaggawa ka ƙara wata 55 ɗin a sa naka a gaba. Harajin ciniki kuwa babu shi a kan gidan hannu. Sabo ne ake ɗora wa, tun daga masana'anta. Da na ji haka na ce to ai abin da sauƙi, me zai sa in ba wani dala 250 ya cike mini fom? Wani dattijonmu da ya daɗe a garin nan ya ce, "Malam, ba fom ɗin za ka saya ba, idon wanda ya saba za ka saya." Na bi shawararsa.

Matar da ke riƙe da ofishin ba ta fara da fom ba. Ta ce in turo mata hoton jar lambar ƙarfe da ke manne a bayan kowane ɓangare na gidan, wadda gwamnatin tarayya ta wajabta wa duk gidan da aka ƙera daga 15 ga Yunin 1976. Da wannan lamba ta shiga rumbun bayanan hukumar, a gabana, ta duba abu biyu: ko sunan wanda zai sayar mini shi ne a takarda, da kuma ko akwai bashin da ke kan gidan. Sunan ya yi daidai. Bashin kuwa yana nan: harajin gida da ake biya duk shekara, na shekarar da ta wuce, ba a biya ba, har masu karɓar haraji sun rubuta haƙƙinsu a kan gidan.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan uwa su riƙe. Bashin harajin yana bin gidan ne, ba mutumin da ya tashi ba. A Texas takardar haraji kan fito wajen Oktoba, wa'adin biya 31 ga Janairu. Ranar 1 ga Fabrairu tara da ruwa sun hau da kashi 7 cikin ɗari, suna ƙaruwa wata-wata har su kai kashi 18 a Yuli, sannan ana iya ƙara kuɗin lauyoyin da ke bin bashin har kashi 20. Kuma hukumar ba ta canja suna sai an kawo shaida daga ofishin harajin gunduma cewa an biya na baya, an kuma ajiye kimanin na shekarar da ake ciki. Da na biya mutumin nan kuɗinsa cif ya kama hanya, da ni zan zauna da gida babu takarda, ga bashin wani a wuyana. Ban ce ya yi niyyar cuta ba. Tsoho ne, matarsa ba ta da lafiya, na ga alamar takardun sun taru ne sun fi ƙarfinsa.

Yadda ta warware maganar ya burge ni. Ta zaunar da mu, ta rubuta lissafi a farar takarda: ga bashin baya, za a cire shi daga kuɗin gida a biya ofishin harajin gundumarmu ta Harris kai tsaye, ga harajin bana, a raba gwargwadon watannin da kowa ya zauna. Ta tuna wa tsohon cewa idan kwana 60 suka wuce bayan ciniki ba a shigar da takarda ba, shi mai sayarwa ake iya ci wa tarar dala 100. Babu tsawa, babu ja-in-ja. Muka sa hannu, muka rabu da mutunci.

To, sai inda suka gaza. Rasit ɗin farko da suka ba ni jimilla ce kawai, ba a ware ladansu daga kuɗin hukuma ba, sai da na nace aka sake rubutawa. Wanda bai san dala 55 ce kuɗin gwamnati ba, zai iya ɗauka duka na gwamnati ne. Waya kuma ba sa ɗauka. Bayan an shigar da takardu, sai dai in riƙa leƙa shafin hukumar da kaina in ga ko suna ya canja.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba su ce mini komai ba game da rangwamen harajin da ake yi wa wanda ke zaune a gidan kansa. Gidan tafi-da-gidanka ma yana samun wannan rangwame ko da filin na haya ne, ana nema kyauta a ofishin da ke kimanta darajar gidaje, da kwafin takardar mallaka da lasin tuƙi mai ɗauke da adireshin gidan, kafin ƙarshen Afrilu. A bakin maƙwabciyarmu maiɗakina ta ji. Mutanen da aikinsu ke nan kullum, jimla ɗaya ta ishe su su faɗa mini.

Kuɗin neman izinin zama da na ajiya da masu filin suka karɓa daban ne, ba ya cikin aikin ofishin, don haka a je wa masu fili tun kafin ciniki ya faɗa, domin suna iya ƙin karɓar sabon mai haya.

Wanda Turancinsa ya zauna kuma gidan ba shi da bashi ko matsalar suna, zai iya yin komai da kansa ya ajiye dala 250 ɗinsa, binciken ma kyauta ne a intanet. Amma idan mai gidan ya rasu magada ne ke sayarwa, ko jar lambar ta ɓace har sai an sayi hatimin jiha a kan dala 35 kowane ɓangare, ko an ga bashin haraji kamar namu, to a nemi irin wannan ofishi, a kuma ce tun ranar farko a rubuto kowane kuɗi daban da sunan wanda zai karɓe shi.