Among Us a fadarmu: wata uku cikin kumbon da ba a gaisawa

Ƙanena ne ya kawo mana wasan nan. Yana karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maradi, can abokansa suka koya masa. Wani dare bayan isha'i muna zaune a fada, a unguwar Zariya, shayi na farko bai ma sauka daga gawayi ba, ya ce kowa ya miƙo wayarsa. Ni tela ne, tun safe idona na kan allura, ba na marmarin ƙara ƙura wa wani ƙaramin abu ido da dare. Na dai miƙa. Yau wata uku ke nan muna bugawa, shi ya sa nake ganin zan iya gaya wa wanda bai taɓa ba abin da zai tarar a ciki.

Sunansa Among Us. Wani ƙaramin kamfani na Amurka, Innersloth, ya fitar da shi a 2018, ya yi kusan shekara biyu ba a san da shi sosai ba, sai a 2020 da korona ta tsare mutane a gida ya bazu ko'ina. A waya kyauta ake sauke shi. Mutum 4 zuwa 15 ke bugawa tare. Ɗaya ya buɗe ɗaki, wayarsa ta ba shi haruffa shida, ya karanto, kowa ya rubuta ya shiga. Filayen wasan guda biyar ne, amma mu kusan kullum a The Skeld muke, wato kumbon da ke tafiya a sararin samaniya, mai ɗakuna 14.

Kowa ɗan sama jannati ne, gajere, kamar ƙwayar gujiya da aka yi wa ƙafa biyu, jaka a baya, gilashi a fuska, ba shi da baki. Kala ce ke bambanta ku. Ana raba muku ayyuka: haɗa wayoyin lantarki kala da kala, ɗebo mai a zuba a inji, zubar da shara, harbin duwatsun da ke tunkarar kumbo, goga wani kati da in ka yi sauri ya ƙi, in ka yi nawa ya ƙi. A cikinku akwai mutum ɗaya zuwa uku da wasan ya zaɓa a ɓoye su kashe saura. Wayoyinmu da Faransanci suke rubuta sunan wannan mutumin, mu dai tun daren farko maye muke ce masa. Maye na iya kashe wuta, ya rufe ƙofofi, ya lalata iskar shaƙa, ya faɗa ramin iska ya ɓulla wani ɗaki. In kun gama ayyuka duka, ko kun fitar da mayun, kun ci. In suka rage ku har yawanku ya zo daidai da nasu, sun ci.

Duk wannan cikin dare ɗaya ake koyonsa. Abin da ya riƙe ni har yau wani abu ne daban, wanda ƙanena bai ambata ba: a cikin kumbon nan ba a magana. Muddin ana aiki, bakin kowa a rufe yake. Za ka fito daga ɗakin magani ka yi kiciɓis da mutum a lungu, ku biyu kaɗai, ba sallama, ba sannu da aiki. Ya tsaya, ka tsaya. Ya ɗan matsa hagu, ka ɗan matsa dama. Ya wuce, ka ga ya juyo yana bin ka. A garin nan wanda ya wuce ka haka bai ce uffan ba, kun san gaba kuke yi. To wasan gaba yake ƙulla wa mutum goma a lokaci guda, mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya awa guda da ta wuce. Ranar farko da Shuɗi ya biyo ni ɗakin lantarki ya tsaya a bayana ina haɗa waya, tafin hannuna ya jiƙe da zufa. Ashe shi ma aikinsa a can yake, jira yake in gama.

Baki na buɗewa ne kawai in an tsinci gawa, ko wani ya danna jan maɓallin da ke tsakiyar ɗakin cin abinci. Asali rubutu ake yi a wajen taron, amma mu da ke zaune kan tabarma ɗaya da baki muke yi. Daƙiƙa 15 wasan ke bayarwa ta tattaunawa kafin a buɗe ƙuri'ar zaɓen wanda za a fitar daga kumbo, mu ko gaisuwa ba ta ishe mu ba, sai da muka ƙara. Ga yadda taronmu ke farawa kusan kullum:

"To, sannunku da aiki."

"Yauwa, sannu."

"Wa aka samu?"

"Kore ne."

"Allah sarki. A ina?"

"Ɗakin lantarki."

Sai shiru. Ba mai son ya fara nuna ɗan'uwansa da yatsa. Can wani zai gyara murya ya ce, "Rawaya, ya aikin dai?" Rawaya ya ce, "Lafiya lau, muna ta fama." Kowa ya san wannan ya aikin ba gaisuwa ba ce, ana nufin ina kake lokacin da aka kashe Kore. Shi ma Rawaya ya sani. Amma a haka za a yi ta zagaye, ana tambayar mai, ana tambayar shara, ta ciki na ciki, har wani ya yi tuntuɓen harshe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: akwai ɗaya cikinmu da duk ranar da shi ne maye sai ya fara yaba shayi, alhali sauran ranaku bai taɓa cewa komai a kansa ba. Sati biyu muka yi kafin mu lura.

Dokoki uku muka kafa wa kanmu. Kowa ya jingina inda ba a hangen fuskar wayarsa. Wanda aka kashe ya kama bakinsa, ya ci gaba da ayyukansa a matsayin fatalwa, don wasan ya yarda da haka. Ta ukun ita ce wadda nake roƙon duk wata fada ta ɗauka: ba rantsuwa. Mun saba wallahi na fita daga bakinmu kafin mu yi tunani, ga shi kuma wasa ne da ɓoye gaskiya ke cikin ƙa'idarsa. A dare na biyu wani yaro ya rantse ba shi ba ne, kuma shi ne. Yaya, babban fadarmu, ya ajiye waya ya ce daga yau wanda ya sa sunan Allah a cikin wasan nan ya tashi. Ba a sake ba.

Yayan nan kuwa in ya zama maye ba a cin sa. Ba don ya fi mu iyawa ba, kara ce. Ya girme mu da shekaru, shi ya yi wa rabinmu tsaye a wajen aure. Wata rana ƙaramin cikinmu ya gan shi ƙiri-ƙiri yana faɗawa ramin iska, abin da in ba a saka aikin injiniya a zagayen ba maye kaɗai ke iyawa. Ya danna maɓalli ya tara mu, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kamar dai na ga wani mai irin kalarka a wajen, amma wataƙila idona ne." Yaya ya ce, "Idonka ne, ƙanena." Aka tsallake ƙuri'a. Taubasai biyun da ke cikinmu kuma akasin haka suke, ko gawa ba a gama faɗin inda take ba kowanne ya ce ɗan'uwansa ne, a yi ta dariya.

Akwai dare ɗaya da ban ji daɗinsa ba, kuma saboda shi ne na zauna rubuta wannan. Zan kira mutanen da kalarsu. Ja da Fari abokai ne tun suna yara, sun haɗa jari suna shigo da kaya daga Katsina ta Jibiya da Dan Issa. Da aka rufe iyaka a 2023 kayansu suka maƙale, aka yi asara, lissafi bai fita yadda kowa ya gamsu ba. Suka raba jari. Ba su yi faɗa a gaban kowa ba, suna zuwa fada, suna gaisawa, gaisuwar da ba ta wuce ina wuni, ya gida, madalla. Mu duka mun sani, mun yi kawaici.

Daren nan mu goma ne. Ja ya tsinci gawa a kusa da ɗakin ajiya ya tara mu. Aka yi ƴan gaishe-gaishen da aka saba. Sai Fari, wanda bai cika magana a taro ba, ya ce, "Kai daga ina ka fito?"

"Daga inji na ƙasa. Mai nake zubawa."

"Tun ɗazu kake zuba man?"

"Sau biyu ake ɗebowa, ka sani."

"Na sani. Kai dai kullum lissafinka ba ya cika."

Yaron da ke dafa mana shayi yana cikin ɗaga buta yana tsiyayawa don kumfa, sai ya tsaya da hannu a sama. Ana jin ƙarar wani kabu-kabu can bakin titi. Ja bai ɗago kai ba, ya ce, "Haka ne." Yaya ya ce a zuba na biyu. Lokaci na tafiya a fuskar waya, kowa na son a wuce wurin, mafi sauƙin hanyar wucewa kuma ita ce a danna ƙuri'a. Mutum bakwai suka zaɓi Ja. Wasan na nuna wa ya zaɓi wa, ƙananan kawuna masu kala suna jeruwa a ƙarƙashin sunanka, don haka ya ga kowa. Aka jefa ɗan jan mutuminsa waje yana juyi a cikin duhu, rubutu ya fito cewa ba shi ne maye ba.

Ni ne mayen. Ni na kashe wanda Ja ya tsinta, na ji maganar Fari, na san ba ta wasa ba ce, na yi shiru saboda shirun na amfanata, har na sa ƙuri'ata a kansa. Na ci zagayen. Ja ya shanye shayinsa, ya ce gobe yana da sammako, ya tafi. Kwana tara bai dawo ba. Na je shagonsa na gaya masa ni ne, ya ce ai wasa ne, ba komai, amma idonsa na kan kayan da yake jerawa. Ban ɗora wa wasan laifi ba, bai san da bashi ko iyaka ba. Abin da yake yi shi ne ya ba mutum izinin tuhumar ɗan'uwansa a bainar jama'a, abin da tarbiyyarmu ta hana, kuma in akwai tsohon miki a tsakani ta nan zai fito. Wanda zai kai shi fadarsa ya fara duba su wa ke zaune.

Sauran abubuwan da mai saukewa zai so sani ba su da yawa. Ba ya cin intanet sosai, forfen dala ɗari na kai ni dare biyu ko uku in ban shiga wani wuri ba. Batir kam yana ci, kuma tsohuwar waya na zafi, ranar da kuran ya ɗauke tun la'asar rabinmu ba sa kai ƙarfe sha ɗaya. In rezo ya yi rauni sai ka ga an fitar da kai ana tsakiyar zagaye, in kuma kai ne maye kaɗai, zagayen ya mutu. Babu Hausa a cikinsa, akwai Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna, amma yawancin ayyukan hoto ne da kala, biyu daga cikinmu da ba su yi lakkwal ba sun fi masu digiri kama maye. Na gwada bugawa da baƙi na wasu ƙasashe sau uku, ban ji komai ba. Ba ka san muryar kowa ba, ba ka ganin wanda ya haɗiye yawu, wasu kuma da sun ga ba su ne maye ba sai su fice. Yara ƙanana ban ba su ba. Kisan zane ne, amma ana ganin sara da ƙashi, kuma ba na son ɗana ɗan shekara takwas ya fara gwanancewa a kan musun abin da ya aikata.

Bayan wancan dare ƙanena ya nuna mana wani wuri a saitin ɗaki inda ake ɓoye ƙuri'a, kawunan su fito duka kala ɗaya, ba a san wa ya zaɓi wa ba. Muka kunna shi, muka kuma mayar da wasan daren Alhamis da na Asabar kawai, sauran dare a yi hira kamar da. Zagaye na uku da sabon tsarin, ƙaramin nan ya sake cewa kamar ya ga mai irin kalar Yaya, kuma wataƙila idonsa ne. Aka danna. Ƙuri'a shida suka hau kan Yaya, rubutu ya fito shi ne. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ashe haka kuke," ya fashe da dariya.

Ja ya dawo a kwana na goma, Yaya ne ya je ya ɗauko shi a babur. Maganar kuɗinsu da Fari tana hannun manya, ba a gama ba, gaisuwarsu ma ba ta ƙara tsawo ba. Asabar da ta wuce dai an tsinci gawa a ɗakin tsaro, wani ya ce bai ga Ja ba tun farkon zagaye. Fari ya ce, "Yana ɗakin magani, na tsaya na ga na'ura ta auna shi, ita kuwa ba ta auna maye. Ba shi ba ne." Ja bai ce komai ba. Ya miƙa wa yaron shayi kofinsa, aka tsallake ƙuri'a, kowa ya koma kan aikinsa.