Se7en ko Zodiac: wanne ya fi cancantar darenka?

David Fincher ne ya ba da umarnin duka finafinan biyu, kuma kowanne labarin farautar makashi ne, amma 'yan kallo sun rabu gida biyu a kansu.

Se7en na 1995 ba ya barin mutum ya numfasa. Morgan Freeman da Brad Pitt 'yan sanda ne masu bin sawun wanda ke kisa bisa manyan zunubai bakwai na koyarwar Kiristanci. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300.

Zodiac na 2007 kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ya haura awa biyu da rabi, kuma ko dala miliyan 100 bai samu ba. Labarin gaske ne na makashin da ya addabi yankin San Francisco a ƙarshen shekarun 1960, yana aika wa jaridu wasiƙu cikin ɓoyayyen rubutu. Masu ƙorafi suna cewa an cika surutu da tonon takardu, har fim ya ƙare ba a kama kowa ba. To ai a zahiri ma ba a kama shi ba.

Ni dai Zodiac na fi so. Dubi inda mai zanen barkwanci Robert Graysmith, da ke neman gano makashin, ya bi wani mutum da yake zargi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai ya ji motsi a sama, alhali mai gidan ya ce shi kaɗai ne. Babu harbi, babu jini, amma tsigar jikinka sai ta tashi.

In kallo za ka yi kana latsa waya, ɗauki Se7en, domin Zodiac sai ka riƙe sunaye da shekaru kafin ka gane inda aka dosa.