Wata uku da tif ɗin CuCrZr a bindigar MB15

Ƙofofi da tagogin ƙarfe nake haɗawa a nan Garwa, bindigar injina na walda mai jan waya kuwa samfurin MB15 ce, mai ɗaukar tif M6. Tif shi ne ɗan ƙarfen bakin bindiga da waya ke fitowa ta raminsa, M6 kuwa girman maɗaurinsa ne. Da can duk wanda na samu a kasuwa shi nake ɗaurawa, in dai ya ɗauru. Ranar da na gane kurena, ina tsakiyar aikin ƙofar wani Alhaji waya ta narke ta manne a bakin tif har sau uku. Na kwance shi na ɗaga sama ina leƙen ramin, sai na ga ya cinye gefe guda, ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Yarona ya karɓa ya duba ya ce, "Maigida, ai na 1.0 ne." Wato na waya mai kaurin milimita 1.0 ne, ni kuwa waya 0.8 nake ja. A cikin ramin nan wuta ke shiga waya, to in ya yi mata yawa sai ta dinga rawa, wuta na kamawa tana saki.

Na sayo fakitin tif goma masu tambarin CuCrZr da 0.8 a jiki. Jan ƙarfe ne da aka haɗa da kuromiyam da zakoniyam, ya fi zallan jan ƙarfe tauri da jure zafi. Sun fi tsada, wannan ba musu. Amma har yau na huɗu nake kai, ƙarar walda ta daidaita kamar ana suyar ƙosai, kuma na daina yanke waya ina zubarwa. Wallahi kuɗina bai tafi a banza ba.

Nozul ɗin da na haɗo da su, wato murfin bakin bindiga da gas ke fitowa ta cikinsa, shi ne ban ji daɗinsa ba. Mai tsukakken baki na zaɓa saboda kusurwar firam ɗin taga, kuma yana shiga lungu yadda nake so. Sai dai gas ɗin da nake kare walda da shi CO2 ne zalla, tartsatsinsa yawa gare shi, kafin azahar bakin ya toshe. Gas bai fita sosai, ga iskar hunturu na kwashe ɗan wanda ya fita, ɗinkin ya fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Dole na goge da giranda na sake.

Na koma kan mai baki milimita 12, gas lita 10 zuwa 12 a minti, na kafa falle biyu na kwano ta gefen da iska ke zuwa. Tsukakken yana cikin gwangwani, sai aikin lungu ya taso nake ɗauko shi.